ZAUREN UWARGIDA: Sisin Gwal Ko Buhun Shanshera?

 

A watan jiya na yi alkawarin za mu ɗora a kan zancen yaye, to amma sai ga wasiƙa daga wata baiwar Allah a ƙasar Bunkure, wadda na karanta har sau uku, na ga ba zan iya ajiye ta ba. Ta roƙi a sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Sana'arta gumi: ta sayi shanshera, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe, yaranta su kai kasuwar Kura. Shekara shida tana wannan aiki tana zubin adashi, yanzu Allah Ya sa ta kwashi wani abu mai ɗan kauri. Yayarta ta ce ta sayi sisin gwal ta ɓoye, kishiyarta ta ce wauta ce, ta ƙara buhuna. Maigida kuma ya fara zancen kuɗin taki. Ta rufe wasiƙar da cewa: “Hajiya, ni dai ina tsoron in wayi gari kuɗin nan sun narke a hannuna, ga 'ya'ya mata biyu sun taso.”

'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ke jin sa ba. Duk wadda ta yi wayo a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta san yadda kuɗi ke shigowa a wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kwata ya ratsa gonakin Kadawa, mutanen nan suka daina jiran damina kaɗai. A yi shinkafa, a yi alkama, a yi tumatir da albasa da masara. Sai dai kuɗin noman rani zuwa suke yi kamar ambaliya, su wuce kamar ambaliya. Shekarar da tumatir ya yi kwantai, za ki ga kwanduna a Kwanar Gafan sun rasa mai taya su. A 2016 kuwa tsutsa ce ta faɗa wa gonakin, ta cinye su cikin 'yan kwanaki, magidanta da yawa suka koma gida da bashi a wuya. A irin wannan shekara, gidan da uwargida take da 'yar ajiya shi ne gidan da ba a sauke tukunya ba.

To ina za a yi ajiyar? Iyayenmu ba su taɓa yarda da takarda ba. Sun ga an sauya fam zuwa naira a 1973, sun ga canjin kuɗi na 1984 da aka ba mutane 'yan kwanaki kacal, mu kuma mun ga namu a farkon 2023, lokacin da mace take da kuɗinta a banki amma ta rasa na cefane. Shi ya sa kakanninmu suke jera tasa da langa har rufin ɗaki, su ɗaure tumaki a bayan gida, mai hali kuma ta ƙulle azurfa a bakin zane. Wannan liyarin na azurfa da tsofaffi ke ba da labari, mai hoton wata mata, kuɗin ƙasar Ostiriya ne, hoton kuma na sarauniyarsu Mariya Tareza. Duk wanda aka buga tun daga 1780, wannan shekarar ake rubutawa a jikinsa, nauyinsa wajen giram 28. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, ya yi yawo a Borno da Kano, maƙeran fari suna narka shi su yi mundaye da zobba. In kin ci karo da shi a akwatin kakarki, kada ki yi saurin ba mai gwangwan.

Shi kuma sisin gwal da muke ji ana ambata wajen ɗaurin auren masu hali, asalinsa fam ɗin zinariya na Ingila ne, mai nauyin giram 8 saura ƙiris, karat 22. Yau ana buga irinsa a Saudiyya da Dubai, wani karat 22, wani 21. Abin da ya sa na fi son sa a kan sarƙa in dai ajiya ake nufi shi ne ba shi da wani ado da za a caje ki kuɗin aiki mai yawa a kai. Bari in fayyace wannan, don a nan mata da yawa suke faɗawa rami. Idan kika sayi sarƙa da ɗan kunne da awarwaro, kuɗi biyu kika biya: kuɗin gwal ɗin kansa a kan kowane giram, da ladan ƙira. Ranar da kika mayar za ki sayar, ladan ƙira ya tafi ke nan, ba mai biyan ki shi. In akwai duwatsu a jiki, za a ɓamɓare su kafin a ɗora a sikeli, alhali ranar saye da su aka auna miki. Sannan farashin da ɗan gwal yake saye ba shi ne wanda yake sayarwa ba, a tsakanin nan yake cin abincinsa. Saboda haka wadda ta sayi sarƙa yau ta mayar bayan wata uku, ko farashi bai motsa ba, da asara za ta dawo gida. Gwal ajiyar shekaru ce. Kuɗin da kika san za ki nema kafin kaka mai zuwa, kada ki kai su layin 'yan gwal.

Ki kuma san karat. Tsantsar zinariya ita ce karat 24, za ki ga an buga 999 a jiki. Karat 22 an buga 916, ma'ana a cikin kashi 1,000, kashi 916 ne zinariya, sauran gami ne na jan ƙarfe ko azurfa don ya yi ƙwari. Karat 21 shi ne 875, karat 18 kuma 750, wato kashi ɗaya cikin huɗu nasa ba zinariya ba ne. Ɗan Italiya da amare ke rububi saboda ƙyalli, galibinsa 18 ne. Yana da kyau a wuya, amma ba shi za ki tara ba.

Yanzu ga abin da ya sa yayarki take da gaskiya. A kasuwar duniya da oza ake auna zinariya, oza ɗaya giram 31 ne da ɗan ɗoriya. A 2001 oza tana wajen dala 270, dala kuma tana wajen naira 110, ke nan giram ɗaya na tsantsa bai wuce naira 1,000 ba. A watan Oktoba na 2025 oza ta haura dala 4,000, dala kuma tana kusa da naira 1,500, giram ɗaya ya wuce naira 180,000. Ki ɗauki mata biyu a 2001, ɗaya ta sayi giram 10, ɗaya ta ƙulle naira 10,000 a ƙasan adaka. Ba sai na gaya miki wadda take dariya ba. Abu biyu ne suka haɗu: zinariya ta hau a duniya, naira kuma ta zube a gida, musamman a 2016 da kuma daga Yunin 2023.

Ga kuma abin da ya sa kishiyarki ma ba ta yi ƙarya ba. Zinariya tana faɗuwa, masu tallarta ne ba sa son faɗa. A Satumbar 2011 oza ta kai wajen dala 1,900, kafin ƙarshen 2015 ta sauko ƙasa da 1,100, sai a 2020 ta sake taka inda ta baro. Shekara tara ke nan. Wadda ta saya a sama, aure ko jinya ya kama ta a tsakiya, ta ji a jikinta. Bayan haka, gwal ba ya haihuwa. Ki ajiye sisi ɗaya shekara goma, sisi ɗaya za ki tarar. Tunkiya kuwa a shekara goma ta cika miki garke in Allah Ya tsare ta daga cuta da ɓarawo, jarin gumi kuma kowane mako yana juyawa yana kawo na omo da na makarantar Islamiyya. Matar da ta kwashe jarinta kaf ta sayi gwal, ta kashe saniyar tatsa ce ta rataye fata a bango.

Amma kada a ɗauka buhu ba ya ba da kunya. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafar gida ta yi daraja, mata da yawa a Kura suka ga alheri, har aka fara ganin kamar ɓoye shanshera ba ya taɓa faɗuwa. Sai ga 2025, farashin abinci ya karye, waɗanda suka cika ɗaki da buhuna suna jiran bazara suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ga ɓera, ga gyambo na danshi, ga maƙwabta da suka ƙirga buhunan tun ranar da aka sauke su.

Shawarata gare ki, 'yar'uwa ta Bunkure, kada ki taɓa jarin da tukunyarki ke ci. Ki ware abin da zai ishe ki juyi, har da ɗan ƙari saboda ranar da shanshera ta yi tsada. Ki bar wani abu a hannu ko a asusu saboda lalurar dare. Abin da ya yi saura, wanda kin tabbata ba za ki waiwaye shi ba sai auren yaran nan, shi za ki mayar gwal. In bai kai sisi ba, akwai rabin sisi, akwai ƙananan sanduna na giram 1 ko 2 ko 5, akwai zobe lami marar dutse. Ba dole sai an saya rana ɗaya ba, kowace kaka a ɗan ƙara.

Ranar sayen kuma, ki tafi da wanda ya san hanya, ki je shagon da aka san mai shi da inda yake kwana. A auna a gabanki, ki ga lambar sikeli da idonki. A goga a dutse a ɗiga ruwan gwaji, ko a sa a na'ura in suna da ita. Lambar da aka buga a jiki ba hujja ba ce ita kaɗai, masu jabu ma sun iya buga 916. Maganaɗisu ba ya kama zinariya, amma ba ya kama tagulla ma, don haka wannan gwajin na gida bai isa ba. A rubuta miki rasit mai nauyi da karat da kwanan wata, ki tambaye shi tun a ranar: in na dawo da shi, yaya za ka saya? Ni kaina na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wata mai yawo da kaya gida-gida ta kawo mini awarwaro biyu, ta ce wata Hajiya ce ta matsu za ta sayar a ɓoye. Arahar ta ruɗe ni, ban gaya wa kowa ba na biya. Sai da na kai a auna bayan shekara, yaron shagon ya goga, ya dube ni, ya sunkuyar da kai don kunya ta. Ruwan gwal ne aka yi wa farin ƙarfe. Araha ba ta ado, na ji a jikina. Yanzu kuma abin ya koma waya: a turo miki hoto a WhatsApp, a ce ki zuba kuɗi a saya miki gwal a ajiye miki a Dubai, duk wata a ba ki riba. Waɗanda MMM ta kwashe a ƙarshen 2016 da waɗanda CBEX ta kwashe a 2025 ba su fi ki rashin wayo ba, alkawarin ne ya yi musu daɗi. Gwal ɗin da ba ki riƙe a tafin hannunki ba, ki ɗauka labari ne.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi duk lissafin nan nauyi, wato hukuncin Allah a kan cinikin. Zinariya da azurfa ba kamar atamfa ba ne. Hadisin Ubadatu ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa in za a musanya zinariya da zinariya, sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. In jinsin ya bambanta, kamar zinariya da azurfa, ko da kuɗin takarda a fahimtar malaman zamani, farashi ya rage naku, amma sharaɗin hannu da hannu yana nan. Abu biyu da muke yi kullum sun ci karo da wannan. Na farko, karɓar sarƙa a hannun dillaliya a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Mafi yawan malamai sun hana. In kina son gwal ta hanyar adashi, ki kwashi adashinki tukuna, ki je ki biya lakadan ki karɓi kayanki a zama ɗaya. In ta waya kika tura, ki tsaya har kuɗin su shiga kafin ku rabu. Na biyu, kai tsohuwar sarƙa a ba ki sabuwa ki yi ciko. Hanyar da ta kuɓuta ita ce ki sayar da tsohuwar, ki karɓi kuɗinki, sannan ki yi cinikin sabuwar daban. Wata za ta ce ai duk ɗaya ne. A ido ɗaya ne, a Shari'a ɗaya ciniki ne ɗaya riba, kuma ba ki tara guminki shekara shida a bakin murhu don ki gauraya shi da riba ba.

Sai zakka. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wato wajen giram 85. Na azurfa dirhami 200, wajen giram 595. In dukiya ta kai nisabi, shekara ta zagayo a kanta, ana fitar da ɗaya cikin arba'in: mai giram 100 za ta fitar da giram 2 da rabi ko ƙimarsu. Da sisi, lissafin yana kamawa daga 11 zuwa 13, gwargwadon karat ɗinsa da yadda malaminki ya ɗauki gamin da ke ciki. Na san abin da za ki ce, ai an ce a mazhabarmu ta Malikiyya kayan adon mace ba su da zakka. Haka ne, amma kayan da take sawa don ado. Littattafan mazhabar, irin su Muhtasar na Shaihu Halil, sun fitar da wanda aka tanada don maganin wata rana ko don kasuwanci, wannan ana yi masa zakka. Sisi da sanda kuwa babu ma zancen ado a kansu. Hanafawa su ko na sawa ma sun wajabta. Kuma ba a duban gwal shi kaɗai: ana haɗa shi da azurfa da kuɗin da ke hannu da na banki, mai sana'a kuma ta tambayi malami yadda za ta ƙiyasta hajarta. Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, takan sanar da nisabi a naira, tare da mafi ƙarancin sadaki, wato rubu'in dinari, wanda bai fi giram ɗaya da ɗigo ba. Ki sa kunne a rediyo, don adadin yana sauyawa da farashi.

Na bar zancen maigida zuwa yanzu da gangan, don na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci, ko da yake a layi ɗaya kika ambace shi. Dukiyar mace tata ce. Sadakinki, gadonki, ribar guminki, Musulunci bai ba miji ikon taɓa ko kwabo ba sai da daɗin ranki, ciyarwa kuma a wuyansa take ko kin fi shi kuɗi. Wannan ba yana nufin ki zuba ido gonar da kuke ci daga gare ta ta ƙone don rashin taki ba. Taimakon miji alheri ne babba, Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, da dukiyarta ta tallafi Manzon Allah (SAW). Abin da nake roƙon ki shi ne ki bambance kyauta da rance tun kafin kuɗin su bar hannunki. In kyauta ce, ki bayar ki manta, ki nemi ladanki wajen Allah. In rance ne, a kira shi rance, a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ce ban da mata da miji ba. In gwal kika ranta masa, a rubuta nauyi da karat, giram kaza na karat kaza, don abin da zai dawo miki da shi ke nan. Na san wata da ta ba da sarƙarta aka sayar aka yi noman alkama, bayan shekara takwas aka miƙo mata kuɗin da aka sayar a wancan lokaci, waɗanda a ranar ko ɗan kunne ɗaya ba za su saya ba. Ba ta ce komai ba, amma har yau in ana zancen gwal sai ta tashi ta shiga ɗaki. Shi kuma bawan Allah yana ganin ya biya.

Ku kuma iyaye maza da nake jin kuna karɓar mujallar nan a hannun matanku kuna leƙawa, na gaishe ku, kun dai ji.

Wajen ɓoyo, kada ki yi abin da zai sa a san kina da shi. Ranar biki ba sai kin zuba duka a jiki ba, hotunan nan da ake ɗorawa a waya ba 'yan'uwa kaɗai ke kallon su ba, kuma zamanin ya lalace. Amma kada ɓoyon ya kai inda ba wanda ya sani sai ke. Gidaje nawa aka rushe aka tsinci tulu, bayan marayun mai shi sun gama shan wahala? Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu amana, ki rubuta abin da kike da shi da inda yake, ki ajiye rasit a wani wuri daban. Ki kuma sani, in rai ya yi halinsa, gwal ɗin uwa gado ne kamar gona, 'ya'ya maza da miji da iyaye duk suna da rabonsu a ciki, ko da yake maza ba sa sawa. Al'adar da 'ya'ya mata ke shiga ɗaki su raba sarƙoƙi tun kafin a yi sadakar uku, cin haƙƙi ne. In kina son 'yan matanki biyu su samu, ki ba su kyauta tun kina da rai da lafiya, ki damƙa musu su mallaka, ki kuma yi adalci tsakaninsu da 'yan'uwansu maza.

'Yar'uwa ta Bunkure, ki sake rubuto mini bayan kaka in ji yadda kuka ƙare da maigida, da kuma abin da kika samu a sikeli. Zancen yaye yana nan, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A shafa mini kan yara.